Yadda muka raba adireshi ta atomatik a VLAN shida a wata makarantar Aboabo

Makarantar tana Aboabo a nan Kumasi, gini biyu ne da fili a tsakani: tsohon gini mai ofis da ɗakin malamai, da sabon bene mai ɗakin kwamfuta da azuzuwan manya. Kukan da ake yi shi ne da sassafe intanet lafiya lau, amma da an watse daga taron safe sai kwamfutar akawu ta ƙi haɗuwa, firinta ta ɓace, wayoyin wasu malamai su yi ta juyi suna neman adireshi har su gaji. Da na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin IP na kwamfuta, a kwamfutar akawun sai ga adireshi mai farawa da 169.254. Duk inda ka ga wannan lamba, kwamfutar ta yi shelar neman adireshi ne ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta ɗaya. Dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Komai na makarantar, daga kyamarorin tsaro har wayar mai gadi, a sashe ɗaya yake a bayan ƙaramar rawutar da kamfanin intanet ya kafa, sashen da bai wuce adireshi 254 ba, kuma kowane adireshi ana ba da hayarsa na awa 24. Ga shi tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, daban ga kowane sunan waifai, rawutar kuwa sunaye biyu take watsawa, don haka waya ɗaya takan cinye adireshi biyu. Iyayen da suka kawo yaro da safe suka shiga waifai na minti biyar sun tafi, amma adireshinsu na kulle har gobe.

Zama na farko da Alhaji mai makarantar ya ci kusan awa biyu, yawancinsa kan kuɗi. Shi a ganinsa a sayo rawuta ta biyu a huta. Ya ce, "Injiniya, in kujeru sun kasa ai ƙarowa ake yi." Na ce, "Haka ne Alhaji, amma in masu rabon kujera suka zama biyu a ɗaki ɗaya, kowa da littafinsa, mutum biyu za a ba kujera ɗaya." Wannan bai gamsar da shi ba. Abin da ya sa ya sa hannu shi ne da na zauna a kwamfutar ɗakin ɗalibai na buɗe masa jakar takardun kuɗin makaranta da ke kwamfutar akawu, yana tsaye yana kallo. Ya nemi takarda biyu kafin ya fitar da ko sidi ɗaya: tsarin aikin, da jerin kaya da farashinsu.

A takardar tsari na raba makarantar gida shida, kowane gida VLAN ɗaya, wato sashen da siwic ke keɓewa daga sauran ko da kebul ɗaya suke bi, na sa lambar kowane VLAN ta yi daidai da kashi na uku na adireshinsa, don wanda ya kalli adireshi ya san daga ina na'urar take ba sai ya buɗe littafi ba. Ofis VLAN 10, sashensa 10.20.10.0/24. Ɗakin kwamfuta VLAN 20, waifan malamai 30, kyamarori 50, kayan aiki da uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙa rabon adireshi, 99, kowanne da /24 ɗinsa, wato adireshi 254. Ɗalibai da baƙi su ne VLAN 40, na ba su /23, wato daga 10.20.40.0 zuwa 10.20.41.255, adireshi 510. A lura, tunda wannan sashe ya haɗiye 41, ba za a ƙara buɗe wani sashe da 10.20.41 ba, na rubuta haka da jan biro a gefen takardar don wanda zai zo bayana. A kowane sashe .1 shi ne ƙofar fita, daga .2 zuwa .49 na na'urorin da ba a so adireshinsu ya canza, rumbun rabo kuma ya fara daga .50. Wa'adin haya ma a takarda aka yanke shi: awa 2 ga baƙi, awa 12 ga malamai, kwana 3 ga ofis da ɗakin kwamfuta. Gajeren wa'adi na sakin adireshi da wuri, dogo kuma na rufa asiri in uwar garke ta mutu, domin na'ura kan nemi sabunta haya ne in ta ci rabin wa'adi, in ba a amsa ba ta sake gwadawa da shela a kashi 87.5 cikin 100, ba ta sakin adireshin sai wa'adin ya cika. Da hayar kwana 3, kwamfutar ofis tana da aƙalla kwana ɗaya da rabi a hannu ko da mai rabon ya kwanta.

Wanda zai yi wannan aiki dole ya riƙe abu ɗaya a ka, don duk wahalar da na sha daga baya a kansa take. DHCP, wato tsarin rabon adireshi ta atomatik, saƙo huɗu ne. Na'ura ta yi shela, Discover. Mai rabo ya yi tayi, Offer. Na'ura ta ce ta karɓa, Request. Mai rabo ya tabbatar, Ack. Ana yi ne ta UDP, tasha 67 ta mai rabo, 68 ta mai nema. Shela ba ta tsallaka VLAN, kuma don haka aka yi VLAN ɗin tun farko. To ko dai a ajiye mai rabo a kowane sashe, ko a sa ɗan aike a ƙofar kowane sashe ya ɗauki shelar ya kai wa uwar garke ɗaya. Ɗan aiken nan yakan rubuta adireshin ƙofar da ya ji shelar a wani gurbi cikin saƙon da ake kira giaddr. Uwar garke ba ta san lambar VLAN ba, ba ta ganin tambarin 802.1Q da siwic ke liƙa wa saƙo don nuna VLAN ɗinsa, ba ruwanta da sunan waifai. Giaddr kawai take kallo, ta nemi sashen da adireshin ya faɗa ciki, ta ciro adireshi daga rumbunsa, ta mayar da amsa zuwa ga wannan giaddr ɗin. In ta ga 10.20.20.1 ta ba da na ɗakin kwamfuta. In ba ta da sashen da ya dace, sai ta yi tsit. Masu aiki da Windows Server su kiyaye: sashe daban ga kowane VLAN ya wadatar, haɗa su cikin superscope ba ya cikin wannan aiki, kuma in akwai Active Directory sai an ba uwar garken izini a ciki kafin ta fara rabo.

Daga nan sai ofishin kamfanin intanet, kuma a nan na ɓata kwana biyar a banza. Na je neman kalmar sirrin shiga rawutarsu don in kashe rabon adireshinta. Ranar farko na jira layi kusan awa ɗaya aka ce min ba sunana ke kan asusun ba, in koma in kawo wasiƙa a takardar makaranta mai hatimi da sa hannu, da kwafin Ghana Card na wanda aka buɗe asusun da sunansa, da lambar asusun. Na kai washegari, aka ba ni lambar ƙorafi aka ce ma'aikaci zai kira. Ya kira bayan kwana uku, ya ce ba sa ba da kalmar sirri, amma zai kashe waifan rawutar daga can. Ashe abin da nake buƙata ke nan kaɗai. In ka sa rawutarka tsakanin akwatin kamfani da sauran gidan, ka cusa kebul ɗinsu a ramin waje na rawutarka, rabon adireshin da akwatinsu ke yi ba ya wuce wannan rami, bai dame ka da komai ba. Da na tsaya na yi wannan tunani tun farko, da kiran waya ɗaya ya isa.

Kaya kuwa rabi daga Adum, rabi daga Akra. Masu shago ba sa yarda farashin da suka rubuta maka ya wuce 'yan kwanaki saboda dala, don haka kada a kai wa mai makaranta takardar farashi sai an tabbata zai biya a makon. Babban siwic Cisco 3560 na hannu, wanda ke iya haɗa sassa da kansa, shi ya ci kaso mafi tsoka, aka sa shi a motar Akra ya iso bayan kwana biyu. Sai Cisco 2960 guda biyu masu ba na'ura wuta ta kebul, ƙaramar rawutar MikroTik don fita intanet, ƙaramar kwamfuta ta hannu da za ta zama uwar garke, UPS biyu, wato baturan ajiyar wuta, na'urorin waifai huɗu masu iya ɗaura kowane suna a VLAN ɗinsa, da kwalin Cat6 ɗaya mai mita 305. Siwic na hannu ba a biyan kuɗinsa sai an haɗa shuɗin kebul ɗin kwansol an ga ya tashi ba kalmar sirrin tsohon mai shi, an buga show version, an bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da kwamfutar cinya. Kebul kuma a kankare silin ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. In cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma shi ne ke sa na'urar waifai ta yi ta mutuwa tana tashi a ƙarshen dogon layi. Tsakanin ginin biyu mita 70 ne, bai kai iyakar mita 100 ta kebul ɗin jan ƙarfe ba, amma na nace kan fayiba. Wanda ya san tsawar daminar Kumasi ba zai ratsa fili da jan ƙarfe ya cusa a siwic mafi tsada a gidan ba.

Mun jira hutun ƙarshen zango, domin makarantar ba ta taɓa zama wayam, Asabar da Lahadi ma akwai karatun Arabiyya. Rana ta farko siwic kawai aka yi. A kan 3560 aka ƙirƙiri VLAN shida, aka ba kowanne fuskarsa, wato ƙofarsa a kan siwic, da adireshin .1, aka buga ip routing, wanda in an manta da shi fuskokin za su tashi amma ba mai kai saƙo daga wani sashe zuwa wani. A kowace fuska ban da ta 99 aka sa ip helper-address 10.20.99.10, umarnin da ke naɗa ɗan aike ya nuna masa adireshin uwar garke. Wannan umarni ba DHCP kaɗai yake turawa ba, yana kwasar shelar wasu tashoshin UDP har da 137 da 138 na NetBIOS, don haka na rufe su da no ip forward-protocol udp, kada kwamfutocin Windows su yi ta zuba wa uwar garke hayaniya. Ramukan da ke haɗa siwic da siwic aka mayar da su tarank, wato ramin da ke ɗaukar VLAN da yawa a lokaci ɗaya. A 3560 sai an fara buga switchport trunk encapsulation dot1q kafin ya karɓi switchport mode trunk. Sannan kowane VLAN sai an ƙirƙira shi a kowane siwic da zai ratsa. In babu shi a show vlan brief, siwic ɗin zubar da saƙon yake yi ko da tarank ya yarda da lambar.

A nan ne na yi kuskuren da kusan duk mai wannan sana'a ya taɓa yi. Ina zaune a ofis na shiga siwic ɗin bene ta nesa, na ga na manta VLAN 40 a jerin da tarank ya yarda da shi, na buga switchport trunk allowed vlan 40. Allo ya daskare. Ban sa kalmar add ba, umarnin ya share jerin gaba ɗaya ya bar 40 kaɗai, har da 99 ɗin da nake bi na shiga ya tafi. Sai ɗaukar kwamfutar cinya da shuɗin kebul, tsallaka fili cikin rana, hawa bene, a nemi mai riƙe da makullin ɗakin kwamfuta wanda ya tafi sallar azahar, a durƙusa gaban akwatin siwic a saita gudun kwansol a 9600. Gyaran layi ɗaya ne, switchport trunk allowed vlan add, amma ya ci minti arba'in.

Kafin in kunna mai rabo, na bi kowane VLAN da adireshin hannu. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne mafi arha. A sa wa kwamfutar cinya 10.20.20.40 da hannu, a cusa ta a ramin VLAN 20, a yi ping, wato gwajin ko saƙo na isa, zuwa 10.20.20.1, sannan zuwa 10.20.99.1. In wannan bai yi ba, matsalar ta kebul ce ko tarank ko VLAN, kuma ba gyaran da za a yi wa DHCP ya warkar da ita. A nan na kama na'urar waifai ɗaya da aka cusa a rami mai VLAN guda maimakon tarank, wadda da ta jefa malamai da ɗalibai sashe ɗaya.

Rana ta biyu uwar garke. Na sa Ubuntu da Kea, manhajar rabon adireshi, domin ISC, ƙungiyar da ta yi Kea, ta daina kula da tsohuwar manhajarta ta dhcpd tun ƙarshen 2022, duk da yawancin bayanan da ke yawo a intanet a kanta aka rubuta su. Fayil ɗin saiti yana /etc/kea/kea-dhcp4.conf, a tsarin JSON yake, waƙafi ɗaya ya ɓata sai manhajar ta ƙi tashi, don haka bayan kowane gyara a buga kea-dhcp4 -t da sunan fayil ɗin kafin a sake kunnawa. Kowane sashe yana da gurbinsa a ƙarƙashin subnet4: lambar id da aka sa da hannu, wadda na yi daidai da lambar VLAN, sai rumbu, sai valid-lifetime da daƙiƙa, wato 7200 ga baƙi, sai routers da domain-name-servers. Kuskuren da ke saurin faruwa a nan na kwafe-da-liƙa ne, a kwafo gurbin sashe 20 a mayar da shi 30 a manta da routers yana nan 10.20.20.1. Na'ura za ta sami adireshi sumul amma ba ta fita ko'ina. Tunda duk saƙonni ta ɗan aike za su zo, na sa dhcp-socket-type ya zama udp, kuma da zarar an yi haka katangar tsaron Ubuntu tana da ikon tare su, sai an buɗe tasha 67.

Na kunna, na cusa kwamfuta a VLAN 20, na buga ipconfig /renew. Shiru har ya gaji, ga 169.254 ya dawo. Maimakon in fara taɓa saiti da ka, na buɗe tcpdump, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke shiga da fita, a uwar garke a kan tasha 67 da -vv. Discover yana isowa, Gateway-IP ɗinsa, wato giaddr, 10.20.20.1, daidai. Offer yana fita nan take da adireshi 10.20.20.50. Sai kuma wani Discover, wani Offer, haka dai, Request bai taɓa zuwa ba. Wannan hoto ma'anarsa ɗaya ce: tayin yana fita amma ba ya isa. Lokacin da nake sauke manhajoji na sa ƙofar fitar uwar garken ta zama MikroTik, 10.20.99.254, don ita ke da intanet a lokacin. MikroTik kuwa ba ta san akwai wani 10.20.20.0 a gidan ba, sai ta riƙa cilla tayin waje wajen kamfanin intanet. Gyara biyu aka yi. Ƙofar fitar uwar garke ta koma 10.20.99.1, MikroTik kuma aka ba ta hanya cewa duk 10.20.0.0/16 ta miƙa wa 10.20.99.1, wanda dama dole ne kafin kowane sashe ya sami intanet. Kafin in ɗaga hannu daga allon, Request da Ack sun wuce.

Sassa huɗu suka yi daidai, na ɗalibai ya ƙi. A can tcpdump bai nuna komai ba, ko Discover bai iso ba, wato tun a ƙofa aka tare shi. Dokar tacewar da na sa a fuskar VLAN 40 layi biyu ce: hana zuwa duk 10.20.0.0/16, sannan a bar duk saƙon da ya fito daga 10.20.40.0/23 ya wuce. Na manta cewa mai neman adireshi bai da adireshi tukuna. Shelarsa daga 0.0.0.0 take fitowa zuwa 255.255.255.255, ba ta dace da layi na biyu ba, sai ta faɗa cikin hanin da ke ɓoye a ƙarshen kowace doka. Maganin shi ne layin permit udp any eq bootpc any eq bootps a can sama kafin hani. Layin nan yana da amfani na biyu da ba a gani nan take. Sabunta haya a rabin wa'adi ba ta bin ɗan aike, kai tsaye na'ura ke aika wa uwar garke, don haka in an bar shela kaɗai aka toshe hanyar zuwa 10.20.99.10, wayoyi za su yi ta bugun ƙofa a banza har sai sun kai kashi 87.5 sun koma shela. Sai kuma layin tasha 53, ta DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, zuwa MikroTik, in ba haka ba ɗalibi zai sami adireshi amma ba sunan shafin da zai buɗu.

Ɗakin kwamfuta ya zo da nasa salon. In an kunna kwamfutocin da safe wasu su tashi da 169.254, bayan kamar minti biyar su gyaru da kansu. Ramin siwic da ba a sa masa spanning-tree portfast ba yakan yi daƙiƙa 30 yana saurare da koyo kafin ya fara wuce da saƙo, kwamfuta mai saurin tashi kuwa ta riga ta yi shelarta a wannan taga. Aka sa portfast da bpduguard a duk ramukan kwamfutoci da firinta, ban da tarank.

Ranar sauyawa abin da ya ci lokaci kyamarori ne da firinta. Wanda ya kafa kyamarorin ya ba su adireshin hannu na tsohon sashe, sai an shiga kowace an mayar da ita neman adireshi da kanta kafin a sauya raminta zuwa VLAN 50, in an juya tsarin sai hawa tsani a danna maɓallin gogewa. Na kwashi lambar MAC ɗin kowace na keɓe mata adireshi a Kea da hw-address, a wajen rumbu. Firinta ma haka, kuma sai an bi kowace kwamfutar ofis an canza adireshin da take aika bugu. Da la'asar aka ɗauke wuta, dumso ɗin da muka saba, UPS na bene bai gama caji ba, siwic ɗin ya mutu. Da ya tashi duk aikin ramukan kyamara na ranar ya tafi, ban buga write memory ba. Tun daga nan duk gyara uku sai na adana. A wannan ɗaukewar ne kuma na gano uwar garke ba ta tashi da kanta in wuta ta dawo, sai an saita hakan a BIOS, na kuma sauya mata ƙaramin batir CR2032, don mai rabon da agogonsa ya rikice lissafin hayarsa ma rikicewa yake. Tsofaffin siwic ɗin nan su ma da 1 ga Maris 1993 suke farkawa in ba a nuna musu NTP ba, wato inda za su saita agogonsu, rajistarsu ta zama ba ta da amfani.

Mako biyu da komawa makaranta aka kira ni, ofis ba intanet. Wannan karon adireshin 192.168.0 ne, wanda ba ya cikin tsarinmu ko kaɗan. Ipconfig /all ya nuna mai rabon 192.168.0.1 ne, arp -a ya ba ni lambar MAC ɗinsa, show mac address-table a siwic ya nuna ramin ɗakin malamai. A bayan kabad, ƙarƙashin tarin takardun jarrabawa, ga ƙaramar rawutar gida tana ƙyafta ido, an cusa kebul ɗin bango a ɗaya daga ramukanta na ciki. Malamin da ya kawo ta ya ce, "Injiniya, taimako na yi, waifai ba ya kaiwa kusurwar nan." Na ce, "Masta, gaskiyarka kan kusurwar, za a matso da na'urar, amma wannan ta koma gida." Tana kusa, tana cikin sashen, tayinta na riga na uwar garke isa, kuma na'ura yawanci tayin farko take karɓa.

Maganin dindindin shi ne sa-idon da siwic ke yi, ip dhcp snooping, a kunna shi gaba ɗaya, a lissafa VLAN ɗin, a sa ip dhcp snooping trust a ramin da ke kallon babban siwic kaɗai. Duk tayin da ya fito daga wani rami daban a zubar yake. Na kunna a 2960 ɗin tsohon gini bayan an tashi, na gwada, sai ga shi ba na'urar da ke samun adireshi ko ɗaya, tcpdump kuma wayam. Wannan ya fi kowanne cin raina, don komai na takarda daidai yake. Sai da na kunna debug ip dhcp server packet a 3560 na ga yana cewa akwai bayanin ɗan aike a saƙon amma giaddr sifili ne. Abin da ke faruwa shi ne, siwic mai sa-ido yana liƙa wa kowace shela zaɓi na 82, mai ɗauke da lambar rami da ta siwic, amma ba ya cika giaddr tunda shi ba ɗan aike ba ne. Babban siwic ya ga saƙo da hatimin ɗan aike ba adireshin ɗan aike, sai ya ɗauke shi jabu ya zubar. Hanya biyu ce: ko a hana ƙaramin liƙawa da no ip dhcp snooping information option, ko a ce wa babban ya yarda da ip dhcp relay information trust-all. Na zaɓi ta farko, tunda ba abin da Kea ɗinmu ke yi da zaɓi na 82.

In zan sake irin wannan aiki, VLAN ɗaya zan kammala daga rami har Ack kafin in taɓa na biyu, kuma tcpdump zai kasance a buɗe tun daga minti na farko. Abin da ya nuna shi ke faɗin inda za a duba. In ba Discover, matsalar tana tsakanin na'ura da ɗan aike: rami, tarank, dokar tacewa, sa-ido, ko helper-address. In akwai Discover ba Offer, uwar garke ce ba ta da sashen da ya dace da giaddr, ko rumbu ya ƙare. In akwai Offer ba Request, hanyar dawowa ce, ko wani mai rabo ya riga ka. In an sami adireshi ba intanet, a duba routers da DNS da hanyar da ke kan rawutar waje. Kuma da na iya shiga tsohuwar rawutar, da na rage wa'adin hayarta zuwa minti kaɗan kwana biyu kafin sauyawa, don kada na'urori su riƙe tsohon adireshi. Mu da hannu muka bi su muna cire kebul muna mayarwa.

Abin da ya rage a gidan shi ne mai rabo ɗaya tak muke da shi. Kea na iya aiki da abokiyar zama ta biyu, a ƙara helper-address na biyu a kowace fuska, amma Alhaji ya ce kuɗin kwamfuta ta biyu sai zango mai zuwa. Kafin nan na bar masa jaka a durowar ofis: takardar tsarin sassa, kwafin saitin siwic uku da na MikroTik da fayil ɗin Kea a kan filashi, jerin lambobin MAC na kyamarori da firinta, da kalmomin sirri a ambulan rufe. A jikin ƙaramar kwamfutar kuma na liƙa farar takarda da babban rubutu, da Hausa da Turanci, cewa kada a cire filoginta don cajin waya.